Yadda Na Yi Kishi da Ubangiji

Duk wata masifa da ta taɓa afka wa 'yan Adam, in ka bi sawunta da haƙuri, za ka tarar wani ne ya miƙe a gaban jama'a ya karanta wani abu da murya mai daɗi. Na yi shekara talatin da alli a hannu, na karanta labarin dauloli da yadda suka rushe, ban ga abin da ya ƙaryata wannan ba. Mai in'ina ba ya cutar da kowa, kafin ya kai ƙarshen jimla jama'a sun tafi gona. Mai murya shi ne abin tsoro, domin ana ɗauka abin da ya karanta daga cikinsa ya fito. Ni kuwa Allah ya ba ni murya, ya hana ni baki.

Mu Maguzawa ne na karkarar da ke tsakanin Gezawa da Zakirai, inda gona ke jingine da gona, ba ka yi wa jakinka faɗa ba tare da gida uku sun ji laifinsa ba. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Kakata, wato mahaifiyarsa, ta ce ita ta tsufa da koyon sabuwar gaisuwa, ta ci gaba da harkarta. Sabon addinin ya raba mu da tukunyar giya, ya raba mu da yanka a gindin tsamiya, amma ko ƙwarzane bai yi wa kunya ba. Namiji ba ya kiran sunan matarsa, ba ya cin tuwo da ita, in za a coci shi ya yi gaba, ita ta biyo baya tare da mata. Ban taɓa jin mahaifina ya ce wa mahaifiyata abin da ya fi "Ina ruwa?" tsawo ba. Mu tara suka haifa, saboda haka ba zan ce maganar ba ta wadatar ba.

Matata ni na gan ta, ni na so ta. A kasuwar Zakirai ne, tana sayar da daddawa, tana yi wa wani dariya don ya sansana kayan sau uku bai saya ba. Na aure ta ina malamin aji biyar. Muka yi wata biyu a gida ɗaya, cikina cike da magana, in na buɗe baki abin da ke fita shi ne "Ina ruwa?" Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai na yi dabarar malamai. Ita tun aji uku ta bar makaranta, haruffa sun fara zame mata. Na sanar a gida cewa ba zai yiwu matar malami ta zauna ba ta iya karatu ba, kowa ya ce gaskiya ne. Kullum in ladanin maƙwabtanmu ya kira la'asar, wanda shi ne agogonmu duka, Musulmi da Kirista, sai in shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar bayan gida, a idon kowa. Koyarwa ai ba abin kunya ba ce.

Akwai wata waƙa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki wadda masu wa'azi ke tsallakewa yadda mai fararen kaya ke tsallake kwata. Saurayi ne da budurwa suke yabon juna, ba kara, tun daga gashi har tafin ƙafa. Ita na mayar littafin koyon karatu. In karanta wurin saurayi, wai don ta ji yadda ake furta kalmomi, ita ta karanta wurin budurwa.

"Tsaya, Malam," ta ce wata rana. "Gashin nata ne kamar awaki?"

"Garke guda, suna gangarowa daga tudu."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"A ƙasarsu yabo ne."

"To a ƙasarmu duk wanda ya ga akuya a kaina, ya zo da igiya ya ɗaure abarsa, damina ta kusa."

Ba ta daɗe ba ta gano ni. Ran nan ta karanta wani layi inda budurwar ke cewa tana neman wanda ranta ke so, ta kai ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya, ta bar yatsa a kan takarda.

"Malam, wannan ni na faɗa ko littafi ne?"

"Littafi ne."

"Wanda ka karanta ɗazu fa?"

"Shi ma littafi ne."

"To," ta ce, tana kallon tabarma, "littafin ya iya magana."

Daga ranar muka samu harshe. Abin da na karanta, shi nake nufi. Ita ma ta koyi sana'ar har ta so ta fi ni. Na taɓa makara ban je gandu ba, da la'asar ta buɗe inda ake kwatanta malalaci a gadonsa da ƙyauren da ke juyawa bai bar wurinsa ba, ta ce wai kalmomin ne suka yi mata wuya, in taimaka mata. Na karanta mata da babbar murya, kamar yaron da aka sa ya karyo tsumagiyar da za a zane shi da ita. Ban taɓa jin daɗin rani kamar wannan ba.

Mai bisharar cocinmu tsoho ne, idonsa ya yi yana, saboda haka ni ke yin karatun ranar Lahadi. Ba ni ke zaɓa ba, akwai jerin karatu da ake aiko mana daga birni. Lahadin farkon shuka, kwana biyu da saukar ruwan farko, na fita da sassafe kamar kullum don in share bagadi, wato teburin gaban coci, in jera benci. Na duba takarda, na buɗe inda aka ce, na miƙe.

Wasiƙar manzon nan ce da bai ajiye iyali ba. Yana cewa lokaci ya ƙure, masu mata su zama kamar ba su da su. Yana cewa matar aure hankalinta rabe yake, tana neman faranta wa miji, marar miji kuwa ta Ubangiji ce jiki da ruhu. Na karanta shi da kyau, wannan ba zan yi ƙarya ba. Na tsaya inda ake tsayawa, na ja inda ake ja. Sai da na kai tsakiya gabana ya faɗi: akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da na shafe wata huɗu ina koya wa cewa bakina da takarda abu ɗaya ne.

Mai karatu ba ya tsayawa a tsakiyar sura ya ce, "Jama'a, wannan ba da yawuna ba ne." Ba ya kuma ɗaga kai ya dubi bencin mata, inda matan mutane suke, da surukai. Na ƙarasa ina kallon kwanon rufi.

Bayan an tashi coci dattawa suka riƙe ni, ana shari'ar tumakin da suka shiga gonar coci, ni ke rubutawa. Ban iso gida ba sai gab da la'asar. Na ɗauki tabarma da littafi na nufi ɗorawa, na riga na sa alama a wurin da zai warware komai. Ladan ya kira, aka yi salla, aka watse. Ba ta zo ba. Matar ƙanena ce ta kawo mini ruwa, ta ce tana ɗakin Kaka.

Kwana uku ina shimfiɗa tabarma ina naɗewa. Rana ta huɗu ban shimfiɗa ba, domin maƙwabta sun fara yi mini sannu da hutawa.

Da ta fito daga ɗakin Kaka sai na ga wata mace dabam. Ta faɗa, idonta ya zurma. Ta kawo tuwo ta durƙusa ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa ba a saba da shi ba. Washegari da asuba na ji ƙarar ƙofa: ta bi tsofaffin matan da ke zuwa addu'a a coci kafin a tafi gona. Kafin noman farko ta ɗaura zanen ƙungiyar zumuntar matan coci. Ta daina zuwa ɗakina, ni ma ban aika ba.

Ban sha wahalar fassara ba, ai malami ne ni. Ta ji, ta ɗauka umarnina ne, ta bi. Kwana ukun nan keɓewa ce da azumi. Ta ba Ubangiji abin da na ce ta ba shi, da bakina, a gaban shaidu.

Wanda bai taɓa kishi da Ubangiji ba bai san kishi ba. Da namiji ne, sai in kai ƙara wurin dattawa, ko in tare shi a hanyar kasuwa mu yi ta ta ƙare. Wannan kuwa ni nake share masa bagadi. Da wane baki mai karatun coci zai ce wa matarsa ta rage addu'a? In na ji muryarta cikin mata suna waƙa, suna buga tukunya, sai in tuna cewa da wannan muryar ta tambaye ni zancen awaki, kishi ya taso. Sai in roƙi gafara. Wurin wa? Wurin wanda nake jin haushi. Ya yafe mini, in ƙara jin haushi, don ya sake fi na hali.

Na koma cikin littafin da jan biro, kamar mai duba jarrabawa. A shafukan farko an ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa. Can gaba an ce duk wanda ya so wani fiye da Ubangiji bai cancanta ba. Da ɗalibina ne ya ba ni amsa biyu a tambaya ɗaya, da na rubuta masa ya same ni a ofis. Na ma tarar a farkon surar da na karanta, manzon da kansa ya hana ma'aurata ƙaurace wa juna, sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci. Da na karanta mata wannan da ta dawo a ranar, na sani. Amma da ta dawo yadda ake amsa sammaci. Ni ba haƙƙina nake nema ba. So nake ta zo ta yi mini dariya.

Sai na je wurin mai bishara. Na same shi a gonarsa yana cirar ciyawa da laluben hannu.

"Baba, na ce ko wata Lahadi za a ba ni dama in karanta waƙar nan ta tsakiya."

"Wace? Ta saurayi da budurwa?" Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Malam, da yara a coci? Da gwauraye?"

"Ai ita ma nassi ce, Baba."

"Nassi ce mana. Barkono ma abinci ne, amma ba a cika kwano da shi. Kuma kai da iliminka ba ka san ba zancen mace da namiji ba ne? Angon nan Ubangiji ne, amaryar kuwa ikkilisiya, wato coci."

"To awakin fa?"

"Masu bi ke nan," ya ce, ko tunani bai yi ba. "Ba ka ga yadda suke shiga gonar mutane ba?"

Na koma gida da ciwo biyu. Ashe har kalmomin da na yi zawarcin matata da su na abokin hamayyata ne. Aron riga na yi na je zance, mai riga ya zo ya tafi da yarinya.

Kakata ce kaɗai ta tare ni. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, ita tun ina tsumma take kirana angonta. Na wuce ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, taba a leɓe.

"Angona, zo nan. Wa ya cinye maka wuya? Ka zama kamar zakaran da aka jiƙa."

Na zauna na zayyana mata komai, manzo da wasiƙa da rabuwar hankali, har da lambar sura. Ta saurara tana ɓara.

"Ka tambaye ta?"

"Na san amsar, Kaka."

"Wa ya gaya maka?"

"A rubuce take."

"Au, har matar taka an rubuta a ciki? Shafi nawa aka ba ta?" Ta tofar da taba. "Kakanka ko alif bai sani ba, amma in na kwana da ciwon kai, da safe ya san wane gefe ne. Kai an kai ka makaranta an cire maka ido an sa maka gilashi."

"To me kike so in yi?"

"Ni? Ni tsohuwar arniya, me na sani? Akwai maganar da ba ta fita ta bakin tsohuwa, mai ita ke faɗa. Tashi ka ba ni wuri, ka tare mini haske. Na sake ka, saki uku."

Na tashi ina cewa a raina, tsofaffi da son magana a dunƙule. Na ba ta maki kaɗan.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda har yau in na tuna nake jin zafi a fuska. Na ce tun da tsarki ake so, za a ga tsarki. Na kama azumi Laraba da Juma'a. Na fara zuwa addu'ar asuba ni ma, in zauna a bencin maza ni kaɗai kamar mai gadi, ita tana can cikin tsofaffi, taku huɗu tsakaninmu. Ina so ta ga na rame ta ji tausayi. Ta gani, ta ƙara mini man shanu a tuwon buɗa baki. Aka yi noma na biyu, aka yi huɗa, gero ya fitar da kai, muna ta gasa. Har mai bishara ya kafa misali da mu a wa'azi: a dubi Malam da iyalinsa, gidan da aka sa Ubangiji a gaba. Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, don daga bagadi ana ganin bakin kowa.

Kada mai karatu ya sa ran wani babban abu, bari in faɗa tun yanzu: muna tare har gobe, 'ya'yanmu huɗu, babbar tana koyarwa a Gezawa. Har yau tana zuwa addu'ar asuba, kuma na daina tambayar kaina nawa ne rabona a ciki. Amma damina guda ta shekararmu ta fari ta tafi, ba a kuwa shuka ta sau biyu.

Lokacin cirar gyaɗa ne na gaji. A wurinmu kowace mace tana da gayaunarta, 'yar gonar da ba ta gandu ba, abin da ta noma nata ne, namiji ba ya sa mata hannu sai an gayyace shi. Ba a gayyace ni ba. Na taso daga makaranta da tsakar rana, na bar littafin a aljihun tebur da gangan, na bi ta cikin karan dawa har na iske ta. Tana zaune a inuwar gawo, tulin gyaɗa a gabanta, tana tsiga tana jefawa a kwando.

"Sannu da aiki."

"Sannu, Malam. Lafiya? An tashi yara da wuri?"

"Lafiya lau."

Na tsuguna na ɗauki reshe ɗaya na fara tsiga. Ta dubi hannuna, ta dubi hanya ko wani na gani.

"Za ka ɓata wandon makaranta."

"Ya ɓaci."

Na tsige reshe uku. Ni da nake tsayawa gaban mutum ɗari ba gargada, na rasa ta inda ake shiga jimla.

"Ke," na ce. "Abin nan da na karanta. Ba ni na zaɓa ba. Daga birni aka aiko."

"Wanne?"

"Na coci. Cewa mai mata ya zama kamar ba shi da ita. Cewa mace ta bar faranta wa miji." Na jefa gyaɗa a kwando. "Ba nufina ba ne. Ban taɓa so ki zama kamar marar miji ba. Ni dai… tabarmar tana nan."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da wani namiji a zuriyarmu ya taɓa yi wa matarsa ba takarda a hannu. Na jira ta yi kuka, ko ta yi dariya. Na fi son dariyar.

Hannunta bai tsaya ba. "Yaushe ka karanta?"

"Lahadin farkon shuka. Ranar shari'ar tumaki."

Sai hannun ya tsaya.

"Shi ya sa ka kama azumi?"

"Shi ya sa."

"Ni na zaci Kaka ta gaya maka," ta ce a hankali. "Na ce Malam ya sani, kunya ce ta hana shi magana, yana nasa makokin a bencinsa. Har ina gode wa Allah da ya ba ni mai tausayi."

"Makokin wa?"

"Malam, ran nan ka gan ni a coci?"

Ban gan ta ba. Ban duba ba.

Ran nan ba ta je coci ba. Tun da hantsi tana ɗakin kakata, cikinta na fari yana zubewa, wata uku.